Bugun hatimin Bagru: me ya sa ja yake koɗewa, baƙi yake malala?

Mai Koyo: Salamu alaikum malamai. Masu bugun yadi da hatimin katako a Bagru, kusa da Jaipur a Indiya, jansu da baƙinsu ba sa zuba. Wanda ya kwaikwaya kuwa, wanki ɗaya ja ya koɗe, baƙi ya malala gefen zane. Ina matsalar take?

Baba Marini: Wa alaikumus salam ɗana. Ba jan ake bugawa ba. Abin da ke jikin hatimin alif ne da aka kwaɓa da ƙaro, a ɗan sa jar ƙasa don mai bugu ya ga inda ya taɓa. Suna kiran kwaɓin begar. Jan sai a tukunyar rini yake fitowa, inda alif ya zauna kaɗai.

Kafin nan a wanke sitatin yadin tas, a jiƙa shi a ruwan harda, 'ya'yan itace mai ɗacin jima irin na bagaruwa, gram 150 zuwa 200 ga kilo ɗaya na auduga, a shanya a rana. In an tsallake harda, alif ba zai kama auduga sosai ba. Bayan bugu a bar yadin ya sha iska kwanaki, sannan a wanke shi a buɗe cikin ruwa mai yawa. In an dunƙule shi, ragowar alif ta ɓata filin yadin, inda ba a buga ba. Wutar rini a hankali ake ƙara ta, da furen wani itace da suke kira dhawadi a cikin tukunyar. Saiwar madda, wato saiwar tsiron da ke ba da jan rinin, in ta tafasa, jan ya koma ruwan ƙasa.

Hajiya Mai Yadi: Baba ya gama da ja. Baƙin, wato syahi, tsohon ƙarfe ne mai tsatsa da mazarƙwaila da ruwa, a rufe sati biyu zuwa uku ya ruɓa, a tace, a dafa da garin ƙwallon tsamiya ya yi kauri. Malala daga ruwa-ruwan kwaɓi take, ko yadi bai bushe ba, ko hatimi ya kwaso da yawa. Shi ya sa ake shimfiɗa tsumma a farantin kwaɓin, hatimi ya dangwala kawai. A ɗora, a daka da gefen hannu sau ɗaya, a ɗaga tsaye.

Baba Marini: Haka ne Hajiya. A kuma raba hatimin baƙi da na ja, ƙarfe kaɗan ya shiga alif jan ya dushe. Sannan yawancin jan Bagru na yau alizarin ne, wato sinadarin jan rini na masana'anta, mai neman na saiwa zalla ya tambaya kafin ya biya.