"Zafin nema ba ya kawo samu": gaskiya ce ko mafakar malalata?

Mai tambaya: Salam jama'a. Dan Allah wannan maganar ta daɗe tana min yawo a kai. An ce zafin nema ba ya kawo samu, kuma bakin da ya faɗi haka shi ya ce mai nema yana tare da samu. To wanne za mu kama?

Ɗan gwagwarmaya: Ni dai ta biyun na riƙe wallahi. Ta farkon malalata sun mayar da ita bargo, mutum yana kwance rana ta take yana danna waya, ka ce tashi ka nema ya ce maka rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haba!

Hajiya: A'a ɗana, ba da na kwance ake ba. Ai sai wanda ya fita nema ake cewa ya yi zafin nema. Akwai wani ɗan'uwanmu, aiki kan aiki, ya fita yara na barci ya dawo sun yi barci, ko ciwo ya kama shi ba zai kwanta ba, duk dan ya kamo abokinsa da ya sai mota, ƙarshe hawan jini ya kwantar da shi abin da ya tara ya tafi a magani. Irinsa ake faɗa wa, kuma da tausayi ake faɗa, ba da gori ba.

Malam: Hajiya ta yi daidai. Ku duba hadisin Umar da Tirmizi ya ruwaito, cewa da muna dogaro ga Allah yadda ya kamata da ya azurta mu kamar tsuntsaye, su fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Sun fita fa, ba a sheƙa suka zauna ba. Sannan Buhari da Muslim sun kawo daga Abu Huraira cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ita ce wadata.

Ƙanwarku: Malam na yarda, amma abin da ke min ciwo shi ne wa ke faɗar maganar. In mai hali ya kalli wanda ko kuɗin haya ya gagare shi ya ce masa zafin nema ba ya kawo samu, gaskiya cin fuska ne. Ya taimaka masa tukuna.

Ɗan gwagwarmaya: Yawwa ƙanwata! Amma Hajiya na sauko kaɗan, dan masu zuba jarinsu gun 'yan "kawo a ninka maka" zafin nema ne ya kai su, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai tambaya: To ya mutum zai gane ya wuce gona da iri?

Hajiya: Ranar da ka samu abin da ka daɗe kana roƙo amma ka kasa murna saboda na wani ya fi naka, to ka tsaya ka binciki zuciyarka.

Ƙanwarku: Hajiya wanda bai samu ba tukuna fa? Shi nake tambaya a kai.