Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nanoparticle"?

Malamin kimiyya daga ƙasar Gumel:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana harshe da na kimiyya a kan kalmar "nanoparticle", musamman irin wadda ake yi da "polymer". Zan yi wa ɗalibaina na babbar sakandare bayaninta da Hausa, kuma ba na son in ce musu "wani ɗan ƙaramin abu ne" in wuce. Ga abin da ake nufi. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuwa tana tsakanin 7,000 da 8,000. Abin da muke nema wa suna, a harkar magani, yawanci yana tsakanin nanomita 100 da 300. Ana cusa magani a cikinsa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a jiki. Me za mu kira shi?

Tsohon malamin Hausa daga Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Me zai hana a ce ƙwayar zarra? Duk yaron da ya haddace Iza zulzilat ya san ita ce iyakar ƙanƙanta. In ba ta yi ba, ga ɓurɓushi, ga mitsitsi. Ni dai roƙona kada a yi saurin aro alhali rumbunmu cike yake.

Malamin kimiyya:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ƙwayar zarra ta riga ta sami mai ita, da ita aka saba fassara atam. Shi atam bai kai nanomita ɗaya ba, wannan abin kuwa guda ɗaya yana ƙunshe da miliyoyin atam. In na haɗa su a suna ɗaya, zan rikita yara a darasi biyu.

Ɗalibar haɗa magunguna, 'yar ƙasar Ɗambatta:
Baba, da Malam, a yi mini izini in sa baki, don wannan shi ne aikin da nake yi a ɗakin gwaji. Ɓurɓushi ba zai yi ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin abin. Ɓurɓushi daga babban abu yake zubowa, an fasa ko an marmasa. Mu kuwa ba fasawa muke yi ba, tarawa muke yi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda wani masani mai suna Fessi da abokan aikinsa na Faransa suka wallafa a 1989. Za ka narkar da sinadarin, misali wani "polymer" mai suna PLGA, a cikin asiton, wani ruwa mai narkar da sinadarai. Asiton yana gauraya da ruwa, shi kuwa PLGA ba ya narkewa a ruwa. Sai ka riƙa ɗiga haɗin cikin ruwan da ake juyawa. Nan take asiton zai bazu cikin ruwan ya bar sinadarin ba abin da ke riƙe shi, sai zaruruwansa su naɗe, su dunƙule. Da idonka za ka ga ruwan ya koma fari-fari mai ɗan shuɗi. Daga nan a bar asiton ya bi iska.

Girman kuma ba sa'a ba ce. In ka yawaita sinadarin a cikin asiton, ƙwayoyin za su fito manya. In ka rage shi, ko ka sa ruwan biyu suka gauraya da sauri, sai a sami wuraren dunƙulewa da yawa a lokaci guda, kowanne ya sami rabo kaɗan, su fito ƙanana. Shi ya sa yanzu ake amfani da wasu siraran hanyoyin ruwa da aka sassaƙa a jikin gilashi ko roba, don gaurayar ta zo iri ɗaya kullum. Akwai hanya ta biyu: a narkar da sinadarin a ruwan da ba ya gauraya da ruwa, kamar etil asitet, a kaɗa su da na'urar girgiza mai amfani da sauti har ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige, sannan a busar da shi, kowane ɗigo ya bar ƙwaya guda. A nan ƙarfin kaɗin ne ke yanke girma.

Saboda haka ni ƙwaya nake gani. Ƙwayar nano, jam'i ƙwayoyin nano.

Tsohon malamin Hausa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, na janye ɓurɓushi. Amma abin da kika kwatanta, Bahaushe gudaji yake ce masa. Abu ya taru ya dunƙule cikin ruwa, ai gudaji ke nan. Sannan ƙwaya ta ɓaci a bakin matasa, kin san abin da 'yan ƙwaya ke nufi. Kuma me ya hana mitsitsi ya maye gurbin nano ɗin nan?

Ɗalibar haɗa magunguna:
Amin Baba. Gudaji kalma ce mai kyau, kuma muna buƙatarta, amma a wani gurbin. Babban abin da ke ɓata mana aiki shi ne ƙwayoyin su manne da juna su zama curi, su kwanta a gindin kwalba. Wannan shi ne gudaji, alamar aiki ya lalace. In muka kira mai kyan gudaji, da me za mu kira lalataccen?

Batun mitsitsi kuwa, a nan ne ba zan sassauta ba. Mitsitsi yadda ido ya ga abu ne, nano kuwa ma'auni ne da duniya ta amince da shi tun 1960, kamar kilo da santi da muka karɓa ba mu ji ciwo ba. Kuma rai na iya rataya a kan lambar. Abin da bai kai nanomita 6 ba, ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari kafin ya yi aiki. Wanda ya haura 200, saifa da hanta sun fi saurin kama shi. Matatar da ake cire ƙwayoyin bakteriya da ita daga maganin allura, ƙofofinta nanomita 220 ne, in ƙwayarka ta fi haka ba za ta wuce ba. Da mai 5 da mai 500 duk mitsitsi ne a baki, amma a jikin majiyyaci ba ɗaya suke ba. Har aunawa muke yi: a haska hasken leza cikin ruwan, ƙananan suna kai-komo da sauri, manyan a hankali, na'ura ta lissafa girma daga yadda hasken ke rawa.

Mai sana'ar ƙaro daga Maigatari:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ina biye da ku. Shi "polymer" ɗin ba roba ba ce? A ce ƙwayar roba mana, a huta.

Malamin kimiyya:
Alhaji, ai ƙaron da kake saye daga masu tatsar dakwara shi ma "polymer" ne. Haka sitacin rogo, haka zaren auduga. Ma'anarsa sinadarin da ƙananan gaɓoɓi suka sarƙafu suka yi doguwar sarƙa, kamar yadda Bajamushen nan Hermann Staudinger ya bayyana a 1920, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Roba ɗaya ce kawai daga cikin dangin. In ka ce wa mutumin ƙauye za a yi masa allurar roba, ba zai sake zuwa asibiti ba, alhali PLGA narkewa yake yi a jiki ya koma asid irin na nono da ɗan'uwansa, jiki ya sarrafa su. Ina ganin mu ce folima, mu bi ta da bayani: sinadari mai sarƙa.

Ɗalibar haɗa magunguna:
Alhaji ya tuna mini wani abu. Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada ya san in babu ƙaro, gawayin kwanciya yake yi ya bar ruwa a sama. Ƙaron ne ke lulluɓe kowace ƙwayar gawayi ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Aikin da wani sinadari mai suna PVA ke yi mana ke nan a cikin ruwan da muke ɗigawa, kuma yawansa ma yana taɓa girman ƙwayar. Shi ma ba mu da sunansa.

Tsohon malamin Hausa:
Wannan kam ba sai an je aro ba. Shamaki ne. Sinadarin shamaki. Na yarda da nano, tunda awo ne. Ƙwaya ma na bar ta, tunda muna da ta hatsi da ta ido tun kafin a ɓata ta. Folima ce dai har yanzu ba ta zauna mini a baki ba, na fi son mai sarƙa ya zama shi ne sunan.

Malamin kimiyya:
To Baba, zan rubuta su biyun a allo, mu ji wanda yara za su riƙe. Ku duba mini wannan jimlar: "Ana narkar da folima a asiton, a ɗiga cikin ruwa mai sinadarin shamaki, sai ƙwayoyin nano su kwanta."

Ɗalibar haɗa magunguna:
Malam, a cire "kwanta". In sun kwanta sun yi gudaji ke nan. A ce "su dunƙule, su kasance rataye cikin ruwan".