Muhawara: Tashin Gwamna ne ya kashe Zungeru?

Ɗan Dungurum: Jama'a, assalamu alaikum. Ina nan kan bakana: ranar da Turawa suka kwashe gwamna da soja da kotu suka kai Kaduna, ranar aka yi wa Zungeru jana'iza. Garin da ya zama hedikwatar Arewa tun 1902, daga nan Lugga, Baturen da ya fara mulkin Arewa, ya tura rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, yau ko hedikwatar ƙaramar hukuma bai samu ba, a ƙarƙashin Wushishi yake. Ku je ku ga inda gidan gwamna yake, ginshiƙai ne a cikin ciyawa, awaki na kiwo. Hatta gadar ƙarfen da Lugga ya kafa an kwance ta an kai Kaduna, tana can lambun Gamji mutane na ɗaukar hoto a kai. Kuma a garin nan aka haɗe Najeriya a 1914!

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Yaya, maganar gada gaskiya ce, amma ta 1914 a yi mata gyara. A Landan aka tsara dokar haɗewar, a Legas aka yi shelarta ranar 1 ga Janairu. Zungeru ce hedikwatar Arewa a lokacin, wannan ba musu, ba kuma ƙaramin matsayi ba ne. Amma a ce a nan aka sa hannu, wannan zancen baka ne da ya yi ta yawo har ya zauna.

Ɗan Dungurum: To Malama, na ji, a bar wannan. Babbar maganar fa?

Barista: Bari in taɓo ɓangaren kotu, tunda nan ne sana'ata. Mutane na ɗauka kotun Turawa ta wancan zamani kamar ta yau ce, da masu rubuta takardar koke a gindin bishiya, da mai shayi, da 'yan beli suna kaiwa da komowa. Ba haka ba ne. Ikonta bai wuce bariki sosai ba: soja, akawu, kuku, 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Shari'ar talaka, ta gado ko aure ko rikicin gona, tana gaban alƙali a ƙasar sarkinsa. Manyan laifuka kuma suna gaban Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, a kotun lardi, inda ko lauya ba a yarda ya tsaya ba. To kotun da manomi bai taka ƙafa cikinta ba, yaya tashinta zai hana kasuwa ci?

Ɗan Dungurum: Barista, albashin waɗannan akawuna da sojoji a ina ake kashe shi? Ba a kasuwar garin ba? Mai tuwo, mai itace, mai wanki, mahauci, duk da su suke ci.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: 'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. An haifi Azikiwe a Zungeru a 1904, mahaifinsa akawu ne, wannan zamanin gwamna ne. Amma Ojukwu fa? A Zungeru aka haife shi a 1933, shekara goma sha wani abu bayan gwamna ya tashi a wajajen 1917. Me ya zaunar da baƙi a garin da ya mutu? Jirgin ƙasa. Layin dogo daga Legas zuwa Kano ta nan ya bi, ya haye kogin Kaduna. Na san tashar nan lokacin da jirgi ke tsayawa da dare. Mata da tire a ka, doya soyayya, kifi banda, ƙosai da zafinsa, fitilar aci-bal-bal a jere tun daga wannan kai har wancan. Fasinja na miƙo kuɗi ta taga, yarinya na gudu tana bin tarago saboda canji. Gida nawa aka aurar da 'ya'ya da cinikin nan? Da jirgi ya fara fashi, yau ya zo, gobe babu, har aka daina jin ƙarar usur, a nan ne aka fara sa wa ɗakuna kwaɗo ana tafiya Minna.

Barista: Baba ya gama magana.

Ɗan Dungurum: Allah ya ƙara girma Baba, amma bai gama ba. Da hedikwata tana nan, wa zai bari layin ya lalace? Kaduna ma ai jirgin ya daina zuwa mata yadda ya saba, ta mutu?

Badamagare: Daga Damagaram nake bin ku. Mu ma an yi mana irin wannan. Faransawa sun ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder, wato Damagaram, suka kai Yamai a 1926. Har gobe tsofaffinmu na jin haushi, amma garin bai durƙushe ba, don kafin Nasara ya zo akwai Sultan, akwai Birni da ganuwarsa, akwai fataken da ke zuwa Kano da Agadas. Zungeru kuwa, ku yi haƙuri, ƙauye ne Lugga ya tarar, ya kafa bariki a gefensa saboda kogi. Abin da gwamna ya kawo, shi ya koma da shi.

Malamar Tarihi: Nan ne nake ganin kowa ya riƙe rabin gaskiya. Turawan da kansu sun yi ta kukan zafin wurin da sauro, shi ya sa suka nemi Kaduna. Tashinsu ya hana garin zama birni, wannan na yarda da Yaya. Amma hana girma daban, kashewa daban. Ku duba Baro a bakin Neja: ba ta taɓa zama mazaunin gwamna ba, amma da jiragen ruwa da na ƙasa suka daina zuwa, ta fi Zungeru yin shiru. A nawa ganin Baba ya fi kusa.

Wata 'Yar Gari: Ni duk kun ba ni haushi, kuna ta cewa ya mutu, ya mutu. Muna ciki fa! Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Neja a garin, ɗalibai cike. Ga madatsar ruwa mai megawat 700 a bayanmu. Abin da ke damunmu yau ba Lugga ba ne: hanyar Tegina da direba ke tsoron bi bayan la'asar, da manoman da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Ku yi wannan muhawarar mu gani.

Ɗan Dungurum: Ƙanwata, ba mu manta ba. Amma ni dai a dawo mana da gadarmu.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Ka bar musu gadar, yaro. In za ka yi roƙo, roƙi jirgi ya riƙa tsayawa.

Ɗan Dungurum: Duka biyun nake so, Baba. Malama, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga in ɗauko hoton ginshiƙan da maƙabartar Turawa, ki gaya mana wanne gini ne wanne.