Kurkuku ne ya raya "Mama Tried", ko kuwa uwa?

Sani: Jama'a, ina nan a kan bakana. Da Merle Haggard, mawaƙin nan na Amurka, bai taɓa shiga gidan yari ba, da waƙarsa "Mama Tried" ta bi ruwa tun 1968 da ta fito. An kama shi yana ƙoƙarin fasa wani gidan abinci a Bakersfield, ya cika shekara 21 a kurkukun San Quentin, sai 1960 ya fito. Abin da ya ɗanɗana ya rera, shi ya sa take ratsa jiki.

Anti Rabi: Ƙanena, ya dai ƙara gishiri. A waƙar ɗaurin rai da rai ne, shi kuwa ko shekara uku bai cika a San Quentin ba. Daga baya ma Ronald Reagan, yana gwamnan Kalifoniya, ya yi masa afuwa a 1972.

Sani: Anti, ko kwana uku ne, ai ya ji ƙarar ƙofar.

Jamilu: To Johnny Cash fa? Bai taɓa zaman ɗauri ba, iyakarsa kwana guda a hannun 'yan sanda, amma waƙarsa ta kurkukun Folsom har gobe ana ji. Haggard ɗin ma yana cikin fursunonin da suka kalli Cash yana waƙa a San Quentin. Su Waylon Jennings da Willie Nelson da aka laƙaba wa sunan 'yan tawaye, ba kurkuku ya ba su sunan ba, masu kamfanonin waƙa na Nashville suka bijire wa.

Kawu Bala: Ku bari in sa baki. Ni a kaset na fara jin "Mama Tried", ina jan mota, an haɗa ta da su Don Williams. Jitar nan mai kaifi ta farkonta kawai nake bi. Wata rana wani fasinja ya fassara mini: ɗa ne ke cewa uwarsa ta yi iya yinta, ya ƙi ji, ba wanda zai zarga sai kansa. Wallahi daga Kaduna har Zariya ban ƙara magana ba. A lokacin ban ma san an taɓa ɗaure Haggard ba.

Sani: Kawu, ai mu ma muna da Gambo mai waƙar ɓarayi. Mutane na son labarin marar ji.

Anti Rabi: A'a, kada ka haɗa. Gambo kirari yake wa ɓarawo. Nan kuwa yaro ne da ubansa ya rasu yana ɗan shekara tara, uwa ta fita aiki don ta riƙe gida, shi kuma ya saka mata da zubar hawaye. Cire kurkukun ka sa tasha ko shaye-shaye, waƙar na nan daram. Cire uwar ka ga me ya rage.

Sani: Ban dai sauka ba. Wanda bai sha ɗauri ba, da wace murya zai faɗa?

Kawu Bala: Ku ci gaba. Jamilu, turo mini ita, kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa.