Ta yaya kwamfuta ke ƙiyasta yawan kwal da ke ƙarƙashin ƙasa?

Ɗalibin Akko:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin duwatsu da ma'adinai, kuma na taso ba nisa da Maiganga ta jihar Gombe, inda ake haƙar kwal ɗin da masana'antar siminti ta Ashaka ke amfani da shi. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda injiniyoyi ke zama gaban kwamfuta su faɗi tan nawa ne kwance a wuri, alhali babu wanda ya shiga ƙasa ya gani da idonsa. Ina roƙon masana su fayyace mini inda alƙaluman ke fitowa, da kuma iyakar yardar da ta kamata a ba su.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwamfuta ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka zaro daga ramukan gwaji shi ake ba ta. Ana huda ƙasa da inji a wurare da dama, a fito da dutse mulmulalle kamar taɓarya, a jera shi cikin akwatuna bi da bi, sannan a auna zurfin da kwal ya fara da inda ya ƙare. Daga nan a kai samfuri ɗakin gwaji domin a san yawan toka da danshi da farar wutar da ke ciki, da ƙarfin zafin da zai bayar.

Aikin manhaja irin su Minex ko Surpac ko Vulcan shi ne cike gurbin da ke tsakanin rami da rami. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce kirigin, wadda ta samo suna daga Danie Krige, injiniyan Afirka ta Kudu. Asalin lissafin ba shi da wuya: shimfiɗar kwal mai kaurin mita 2 a kadada ɗaya (murabba'in mita 10,000), idan nauyin kowace kubik mita (mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi) tan 1.4 ne, za ta ba da tan 28,000. Wahalar tana nan inda ƙasa ta karye, shimfiɗar ta zame ƙasa tsakanin ramuka biyu, domin manhaja za ta ja layi miƙaƙƙe kamar babu abin da ya faru. Na taɓa ganin taswira mai kyan gaske da rami ɗaya tak da aka ƙara ya rushe ta. Shi ya sa JORC, ƙa'idar Ostireliya ta bayar da rahoton ma'adinai, ta kasa ƙiyasi hawa uku gwargwadon ƙarfin shaida, kuma ba a yarda a gina tsarin haƙa a kan mataki mafi raunin shaida ba.

Malama daga Agadas:
Ina goyon bayan Injiniya, sai dai ina so ɗalibin ya lura cewa kwal da ke cikin ƙasa daban, wanda za a haƙo a ci riba daban. A misalin nan, idan ƙasa mai kaurin mita 30 ce ta danne kwal ɗin, sai an kwashe sama da kubik mita 10 na ƙasa kafin a samu tan ɗaya, kuma kuɗin gas da motocin da za su yi wannan aiki su ne ke yanke inda bakin ramin zai tsaya. A wurinmu, haƙar Anu Araren kusa da Cirozerin a buɗe ake yin ta, kuma kwal ɗin ne ke ciyar da tashar lantarki, saboda haka tsarin wane yanki za a fara tonowa ba abin wasa ba ne. Ina kuma ganin dole a saka ruwan ƙarƙashin ƙasa da gonaki da rijiyoyin ƙauyuka cikin lissafin tun farko.

Ɗalibin Akko:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ranka ya daɗe Injiniya, wace tazara ake bari tsakanin ramukan gwaji idan ana zargin ƙasar ta karye?