Waɗanda Navratri ta taɓa riska a Indiya, ku zo mu ji

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na kawo Hajiyarmu jinya Delhi, mun kama ɗaki a gidan wata dattijuwa 'yar Hindu. Tun shekaranjiya ta roƙe ni kada in dafa nama ko in soya albasa a kicin ɗinta har kwana tara. Mahaucin bayan layi ma ya rufe. Ta shuka sha'ir a wata 'yar tukunyar ƙasa, ta kunna fitilar man shanu a gefe wadda ta ce ba za a bari ta mutu ba dare da rana. Ta ce azumi take, amma ga ta da rana tsaka tana shan madara. Wane irin azumi ne wannan? Waɗanda suka daɗe a nan ku fahimtar da ni, kada in yi wa baiwar Allah laifi ban sani ba.

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Navratri ke nan, ma'anarta dare tara, tana faɗowa a watansu na Ashwin, tsakanin Satumba da Oktoba. Akwai wata ƙarama wajen Maris ko Afrilu. Na yi shekara huɗu a Noida, kusa da Delhi, ina karatu, abokin ɗakina yana yinta. Azuminsu na barin wasu nau'o'in abinci ne: alkama, shinkafa, nama, ƙwai, albasa, tafarnuwa, har gishirin kanti, sai wani gishirin dutse da suke kira sendha namak. Ana cin dankali, 'ya'yan itace, madara, da sabudana, wasu fararen ƙwayoyi da ake yi da rogo. Ranar da na fara ɗanɗanawa na ce masa ai wannan garin rogonmu ne ya yi karatun boko. Wasu sau ɗaya suke ci a yini, wasu ranar farko da ta ƙarshe kawai suke yi. Na taɓa yi masa tsiya na ce wannan ai canjin miya ne. Ya ce albasa da tafarnuwa suna tayar da jiki da sha'awa a wajensu, shi kuma so yake zuciyarsa ta lafa. Da Ramadan ya zo ya ga ba na ko kurɓar ruwa a zafin Mayu, shi ya riƙa sayo min dabino.

Maman Hanifa: Amin, na gode yayana. To hoton matar nan mai hannaye da yawa a kan zaki fa?

Malamin Lissafi: Durga ce, ita ake yi wa bikin. Yadda suke ba da labarin: wani shaiɗani mai suna Mahishasura, mai rikiɗa ya zama ɓauna, ya sami alkawarin cewa babu namijin da zai iya kashe shi. Mace kuwa bai ma kawo ta a ransa ba, raini ya hana shi. Da ya addabi sama da ƙasa, sai ababen bautarsu suka haɗa ƙarfinsu wuri ɗaya ta fito, kowa ya miƙa mata makaminsa: Shiva mashi mai baki uku, Vishnu faifan yaƙi. Ta yi ta gwabzawa da shi, a rana ta goma ta kashe shi, shi ya sa suke kiran ranar Vijayadashami, goma ta nasara.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hirar da na yi da wata abokiyar aiki a Bangalore. Na tambaye ta me ya sa suke kiran mai ɗauke da takobi "Maa", wato uwa. Ta ce in kalli fuskar gunkin da kyau: hannaye na yaƙi, fuska a natse, babu fushi. Ta ce ɓaunar nan a wajenta girman kai ne da son zuciya da ke cikin mutum, kwana taran kuma yaƙinta ne da su. Ni Musulmi ne, aƙidata daban, na kuma gaya mata hakan ba ta ji haushi ba. Amma na gane abin da take nufi, don na san yadda kaza mai 'ya'ya take yi wa shaho. A kudu rana ta tara har kayan aiki suke wankewa su sa musu furanni. Na ga mai Keke Napep ya yi wa kekensa ado kamar amarya.

Baƙon Kolkata: Ku duk ba ku ga komai ba sai kun zo Bengal. Nan babu ruwan yawancinsu da barin nama, kifi da naman akuya ake ci a bakin titi har asuba. Sunan bikin Durga Puja, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2021. Na je unguwar Kumartuli a birnin Kolkata, inda ake gina gumakan Durga, wata guda kafin biki, lungu ne ƙunci, maginan tukwane suna ɗaura tattaka a jikin gora suna shafa laka daga kogin Hooghly. Wani tsoho na zaune yana murza yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan katako suna shan iska. Hannu goma kowace, ku lissafa yatsun. Kowace unguwa tana kafa rumfarta, pandal, wasu kamar fada, ana buga wata babbar ganga, dhak, da ake ratayawa a kafaɗa.

Su a wajensu Durga 'ya ce da ta zo ganin gida daga gidan miji tare da 'ya'yanta huɗu. Ranar ƙarshe matan aure suna shafa wa juna jan gari a fuska, a sa wa gunkin alewa a baki, sannan a kai shi kogi a nutsar. Na ga wata tsohuwa tana sharar hawaye kamar ranar kai amarya.

Ɗan Kurna: Gujarat kuma rawa ce, garba, ana zagaye fitila har dare ya raba. Barci kam sai an gama.

Hajiya Babba: 'Yata, abu ɗaya zan ƙara. Rana ta takwas ko ta tara za ki ga mai gidan naku ta tara ƙananan yara mata, yawanci tara, ta wanke musu ƙafa, ta ba su halwa da puri, wani soyayyen burodi, da baƙin wake, har da 'yan kuɗi. Suna ɗaukar yaran a matsayin Durga ce ta shigo gidan. Daga nan take buɗe baki. Za ta iya kawo miki kwano. Ni da aka kawo min na tambaya ko an ajiye shi gaban gunki, da ta ce eh na ba ta haƙuri cikin ladabi. Washegari sai ga ta da wani da ta dafa daban saboda ni.

Malamin Lissafi: Haka ne Hajiya, tambayar ba ta ɓata musu rai in an yi ta da sakin fuska.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Na sami wani gidan abinci na Musulmi kusa da asibitin, daga can zan riƙa sayo wa Hajiya romo ta sha a ɗakin jinya. Yanzu na leƙa tukunyar, sha'ir ɗin har ya fara tsiro.