Ƙarzar mota: abin da muka tattaro a majalisa

Jiya a majalisarmu nan Garwa an sha gardama kan ƙarzar da 'yan mashin ke barin mana a ƙofa. Abin da kowa ya yarda shi ne ka fara ja farce a kai, in bai maƙale ba to saman fenti ne kawai, zai fita. Wanke wajen da ruwa da sabulu tukun, ƙurar hunturun nan ita ma yashi ce, ka goga a bushe ka ƙara ɓarna. Sai man goge haƙori fari a tsumma mai laushi, ana murzawa a hankali, a inuwa fa, ba cikin ranar nan tamu ba. Wani ya ce man birki, duk muka ce a'a, cinye fenti yake. In ƙarfe ya bayyana kam sai mai fenti.